Halimatu Ayinde: Yadda 'Yar Kaduna Ta Faro Tamaula Har Ta Kai Idon Duniya

Gabatarwa

Duk inda 'yan Kaduna suka haɗu, ko a Legas ne ko a Abuja ko a Kano ko a Fatakwal, da wuya a tashi daga hira ba a taɓo zancen ƙwallon ƙafa ba. Nan da nan za ka ji an shiga lissafo 'ya'yan da garinmu ya ba Nijeriya: Rashidi Yekini, wanda ya ci wa ƙasar nan ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, sai Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel. Waɗannan biyar na ƙarshe duk suna cikin tawagar da ta ciyo zinare a wasannin Olamfik na Atalanta a 1996. Gari guda ya ba da mutum biyar a tawaga guda, ai kuwa dole mu yi alfahari.

Sai dai akwai suna guda da ba kasafai yake fitowa a irin wannan hira ba, alhali mai shi ta ɗaga kofin Afirka fiye da kowanne daga cikin waɗanda muka ambata. Ita ce Halimatu Ibrahim Ayinde, wadda aka haifa a Kaduna ranar 16 ga Mayu, 1995. Sau huɗu tana cikin tawagar mata ta Nijeriya, wato Super Falcons, da ta lashe kofin nahiyar Afirka, a 2014 da 2016 da 2018 da kuma 2025, sannan ta halarci gasar cin kofin duniya ta manya har sau uku. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. A wannan fitowa mun ga ya dace mu waiwayi yadda wannan baiwar Allah ta faro, domin a cikin tarihin tasowarta akwai abin alfahari, akwai kuma abin da ya kamata ya sa mu yi wa kanmu faɗa. Kaduna ce ta haife ta, amma sai da ta bar gida kafin ta sami hanyar da 'yan'uwanta maza suka samu a ƙofar gidajensu.

Tsanin da maza suka taka

Kafin mu yi nisa, yana da kyau mu tuna yadda tamaula ta kafu a garinmu. Tun da Turawan mulkin mallaka suka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin ya zama matattarar sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da akawu-akawu da 'yan kasuwa daga kowane lungu na ƙasar nan. Barikoki da makarantu da ma'aikatu su ne suka fara raino wasan, daga nan ya bazu cikin unguwanni, har ya kasance babu filin da za ka wuce da yamma a Tudun Wada ko Unguwar Shanu ko Kawo ko Badarawa ko Unguwar Rimi ba ka ga ƙura ta tashi ba. Duwatsu biyu sun isa raga, ƙwallo kuwa ko ta roba ce ko ta tsumma, wasa ya kankama ke nan sai an kira magariba.

Abin da ya bambanta Kaduna da sauran garuruwa shi ne kamfanoni sun rungumi wasan. Ma'aikatar ƙera makamai ta ƙasa tana da kulob ɗinta mai suna DIC Bees, wanda daga baya ya koma Ranchers Bees. Masaƙar UNTL da ke ƙetaren kogi ita ma tana da nata, kuma a can Rashidi Yekini ya fara nuna kansa. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kofi ta Afirka a 1988, inda wani kulob na garin Bizarta a ƙasar Tunisiya ya doke ta, sannan a 1989 ta lashe kofin Afirka ta Yamma. Daga cikinta Amokachi ya fito yana matashi.

Ke nan yaro namiji mai baiwa yana da tsani a gabansa. Daga filin unguwa sai gasar makarantu, daga nan sai kulob na kamfani, daga nan kuma sai kiran ƙasa, duk yana kwana a ɗakin mahaifiyarsa. Ita kuwa 'ya mace, ko da ta fi shi iya taka leda, matakin farko kaɗai take iya takawa, shi ma a ɓoye, kafin a ce ta girma ta koma cikin gida.

Oktoban 1998

Wani abu da da yawa daga cikinmu suka manta shi ne, Kaduna tana da gurbi na musamman a tarihin ƙwallon mata na Afirka. A watan Oktoba na 1998, lokacin da aka tara ƙasashe wuri guda domin gasar mata ta nahiyar, garuruwan Kaduna da Abekuta ne suka karɓi baƙuncinta. A filin wasa na Ahmadu Bello, Super Falcons suka lallasa Maroko da ci 8 da nema. Haka suka ci gaba da yi wa duk wadda suka haɗu da ita, har suka doke Gana da ci 2 da nema a wasan ƙarshe, ba tare da an zura masu ko ƙwallo guda ba a dukan gasar. Zamanin su Florence Omagbemi da Mercy Akide ke nan. Shekara guda bayan haka wannan tawaga ta kai matakin kusa da na kusa da ƙarshe a gasar duniya a Amurka, inda Birazil ta fitar da ita da ƙyar da ci 4 da 3 bayan ƙarin lokaci.

A lokacin da ake wannan gasa a tsakiyar garinmu, Halimatu tana da shekara uku a duniya. An yi biki an watse, baƙi sun koma gida, amma ba a bar mana wani tsari mai ɗorewa da zai ɗauki 'yan matan da suka gani suka yi sha'awa ba. Mun yi masaukin baƙi, ba mu shuka kome ba.

Shekarun da suka biyo baya kuwa ba su yi wa Kaduna sauƙi ba. Rikice-rikicen 2000 da 2002 sun raba unguwanni, suka mai da kogin Kaduna tamkar iyaka tsakanin maƙwabtan jiya. Masaƙu suka shiga durƙushewa ɗaya bayan ɗaya: ta KTL ta tsaya a 2002, ta UNTL ta rufe a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi. Kamfanin da bai iya biyan albashi ba kuwa, ina zai iya riƙe kulob? Iyaye kuma suka ƙara tsananta tsaron 'ya'yansu, musamman mata. A cikin wannan yanayi ne Halimatu da sa'o'inta suka tashi.

Mun san abin da ke jiran yarinyar da ta ce tamaula take so a unguwanninmu, domin mu ne iyayen, mu ne yayyen, mu ne kuma maƙwabtan. Akwai makarantar boko da safe, Islamiyya da yamma, ga aikin gida a tsakani. Akwai batun tufafin wasa, akwai na cuɗanya da maza, akwai na tafiya wani gari ba tare da wani babba na gida ba. Fiye da duka akwai bakin mutane, wanda ya fi bulala ciwo. Ba za mu ce damuwar iyaye ba ta da tushe ba, domin duk wanda ya haifi 'ya mace ya san nauyin amanar da ke wuyansa. Kuskurenmu shi ne, maimakon mu gyara hanyar ta yadda za ta dace da tarbiyyarmu, sai muka toshe ta gaba ɗaya muka huta.

Lafiya da Asaba

An fara gasar mata ta ƙasa a Nijeriya a 1990, kuma tun daga lokacin yawancin ƙungiyoyin da suka yi fice na Kudu ne: Pelican Stars ta Kalaba, da Rivers Angels ta Fatakwal, da Delta Queens, da Bayelsa Queens. A faɗin Arewa kuwa, wadda ta fi tsayawa da ƙafafunta ita ce Nasarawa Amazons ta garin Lafiya, wadda ta lashe gasar a 2013. A wannan ƙungiya ce sunan Halimatu ya fara fitowa, kafin daga baya ta koma Delta Queens, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi yawan lashe kofin ƙasa.

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna wannan mataki. Amokachi ya zama gwarzo yana wasa a filin da iyalinsa za su iya zuwa kallo da ƙafa. Ita kuwa, tun tana ƙaramar budurwa, sai da ta ɗauki jakarta ta nufi wata jiha, daga can kuma ta ƙetare Kwara zuwa inda harshe da abinci da al'ada duk suka bambanta da na gida. Rayuwar 'yar wasan cikin gida kuma ba ta jin daɗi ba ce. Yawancin ƙungiyoyin gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su, albashi ɗan kaɗan ne, sau da yawa ma sai a yi watanni ana jiransa. Tafiya kuwa a mota ake yi, wuni guda cur a kan hanya, a sauka da kumburarrun ƙafafu a shiga fili washegari. Wadda ba ta da zuciya, wata guda ya isa ta tattara ta koma gida.

Kiran ƙasa tun tana 'yar shekara 15

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A 2010, tana da shekara 15, aka sa sunanta a tawagar 'yan ƙasa da shekara 17, wato Flamingos, da ta je gasar duniya a ƙasar Tirinidad da Tobago ƙarƙashin mai horarwa Peter Dedevbo. Tawagar ta ci dukan wasanninta uku na rukuni, sannan ta haɗu da Koriya ta Kudu a wani wasa da har yau ake tunawa da shi, inda aka tashi 6 da 5 bayan ƙarin lokaci, Nijeriya ta fito. Koriya ta Kudun ce ta ɗauki kofin a ƙarshe. A wannan tafiya Halimatu ƙanwa ce a cikin su Ngozi Okobi da Francisca Ordega, waɗanda daga baya za su yi shekaru suna wasa tare a babbar tawaga.

Bayan shekara biyu, a gasar 2012 da aka yi a ƙasar Azabaijan, ta dawo a matsayin ɗaya daga cikin jigogin tawagar. Nijeriya ta yi kunnen doki 1 da 1 da Kanada, ta ragargaza mai masaukin baƙi da ci 11 da nema, sannan ta doke Kolambiya da ci 3 da nema. Halimatu ta zura ƙwallo huɗu a gasar, Chinwendu Ihezuo kaɗai ta fi ta a tawagar da ƙwallo shida. A matakin kusa da na kusa da ƙarshe suka yi canjaras babu ci da Faransa, aka je bugun fenareti Faransa ta yi nasara, kuma ita ce ta wuce ta lashe kofin. Sau biyu ke nan a jere wadda ta fitar da su ita ke zama zakara.

Shekarar 2014

Idan akwai shekarar da za a ce ta buɗe mata ƙofa, to 2014 ce. A watan Agusta tana cikin Falconets, tawagar 'yan ƙasa da shekara 20, da ta je gasar duniya a Kanada. Sun fara da kunnen doki da Meksiko, suka doke Koriya ta Kudu da Ingila kowacce da ci 2 da 1, suka fitar da Niyu Zilan da ci 4 da 1, sannan suka yi wa Koriya ta Arewa ruwan ƙwallaye 6 da 2 a wasan kusa da na ƙarshe. Ranar 24 ga Agusta, a birnin Mantiriyal, suka kara da Jamus a wasan ƙarshe. An cika minti 90 babu ci, sai a ƙarin lokaci Lena Petermann ta zura wa Nijeriya ƙwallo guda, kofi ya suɓuce.

Sunan da duniya ta riƙe daga wannan gasa shi ne na Asisat Oshoala, wadda ta ci ƙwallo bakwai, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar. Haka al'adar tamaula take, mai cin ƙwallo ake yi wa tafi. Amma masu lura sun san cewa ƙwallon da ta shiga raga daga wani wuri ta taso. A wannan mataki ne Halimatu ta zauna daram a gurbin da aka san ta da shi har yau, wato 'yar wasan tsakiya mai taimaka wa masu tsaron baya. Aikinta shi ne ta hango inda abokan karawa za su bi ta toshe, ta ƙwace ƙwallo ba tare da ta yi laifi ba, ta miƙa ta ga wadda za ta kai hari, sannan ta koma gurbinta kafin a juyo. Aiki ne irin na ginshiƙin ɗaki: ba a yaba masa idan yana tsaye, sai ranar da aka rasa shi ake sanin amfaninsa.

Wata biyu kacal bayan haka, mai horarwa Edwin Okon ya ɗauke ta zuwa babbar tawaga domin gasar Afirka da aka yi a Namibiya. Ranar 25 ga Oktoba, a birnin Windhoek, Nijeriya ta doke Kamaru da ci 2 da nema ta ƙafar Desire Oparanozie da Asisat Oshoala, ta karɓo kofin da ya suɓuce mata a 2012. Halimatu tana da shekara 19.  Yarinyar da ta taso a garin da ba shi da gurbi dominta, ga ta da kofin Afirka a hannu.

Amurka: ɗaukaka da jarrabawa

A watan Yuni na 2015 ta buga gasar cin kofin duniya ta manya a karon farko, a Kanada. Rukunin da Nijeriya ta faɗa shi ne mafi zafi a gasar. A wasan farko a birnin Winifeg, Suwidin ta shige gaba da ci biyu, amma Falcons suka farke aka tashi 3 da 3. Daga nan Ostireliya ta ci su 2 da nema, Amurka kuma ta ci su 1 da nema, suka dawo gida. Duk da haka, masu farautar 'yan wasa sun ga abin da suka gani. A cikin watan ne kulob ɗin Western New York Flash, wanda ke wasa a birnin Rochester, ya ɗauke ta daga Delta Queens zuwa babbar gasar mata ta Amurka.

A nan ne muke so matasanmu su buɗe kunne, domin da yawa suna zaton da zarar ɗan wasa ya hau jirgi zuwa ƙasashen waje, to kakarsa ta yanke saƙa. Halimatu ta isa ne a tsakiyar kakar wasa, cikin ƙungiyar da ta riga ta saba da juna, a gasar da ake gudu da ƙarfin jiki fiye da abin da ta sani a gida, kuma dokarta ta ƙayyade adadin 'yan ƙasashen waje da kowane kulob zai iya riƙewa. Wasa tara ta buga a wannan kaka. A watan Mayu na 2016 kulob ɗin ya sallame ta, daidai lokacin da take cika shekara 21. Abin da ya ƙara wa al'amarin ɗaci shi ne, a ƙarshen wannan shekara ce kulob ɗin ya lashe kofin gasar, ba tare da ita ba.

Mutane da yawa a irin wannan hali ne tarihinsu yake ƙarewa. Ita kuwa sai ta karɓi tayin kulob ɗin Minsk na ƙasar Belarus, ƙasa mai tsananin sanyi wadda ba ta kai Amurka suna ko kuɗi ba, amma ta ba ta damar komawa fili, har ta buga gasar zakarun Turai ta mata. Kafin shekarar ta ƙare tana cikin tawagar da Florence Omagbemi ta jagoranta zuwa Kamaru. Wato ɗaya daga cikin matan da suka yi wasa a filin Ahmadu Bello a 1998 ita ce yanzu mai horar da 'yar Kadunan da ke da shekara uku a wancan lokaci. Ranar 3 ga Disamba, 2016, a birnin Yawunde, a gaban dubban magoya bayan masu gida, Oparanozie ta ci ƙwallo guda dab da tashi, Nijeriya ta sake ɗaukar kofi.

Abin da ya biyo baya kuwa abin kunya ne ga ƙasa. Da suka dawo, 'yan wasan suka ƙi barin otal ɗin da aka sauke su a Abuja saboda ba a biya su alawus ɗinsu da ladan nasara ba, har ta kai su ga yin tattaki zuwa Majalisar Dokoki ta Ƙasa kafin a saki kuɗin. Zakarun Afirka ne ke bin haƙƙinsu a kan titi. Duk uban da ya ga wannan a talabijin, yaya za a yi a shawo kansa ya bar 'yarsa ta bi wannan hanya?

Suwidin: komawa baya domin a yi gaba

A 2018 ta sake yin wani abu da ba kowane mai suna zai yarda ya yi ba. Ta koma ƙasar Suwidin, ta shiga wani ƙaramin kulob mai suna Asarum, wanda ke wasa a rukuni na biyu. Mai kofin Afirka biyu, ta yarda ta fara daga ƙasa. Mahaƙurci mawadaci. A ƙarshen shekarar ta ɗauki kofin Afirka na uku a birnin Akara, inda Nijeriya ta doke Afirka ta Kudu a bugun fenareti. A 2019 kulob ɗin Eskilstuna United da ke rukunin farko ya ɗauke ta, ta kuma buga gasar duniya a Faransa. A 2022 ta koma Rosengård ta birnin Malmo, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin mata na ƙasar. Daga nan za a iya cewa zangon farko na tafiyarta ya cika, ta zama cikakkiyar ƙwararriya da ke cin abinci da ƙafarta.

Darasin Maroko

Ba za mu rufe wannan tarihi ba sai mun koma ga Maroko, ƙasar da aka ci 8 da nema a Kaduna. Bayan shekaru suna shan kashi, hukumomin ƙasar suka zauna suka yi tsari. Suka gina babbar cibiyar horarwa kusa da birnin Rabat, a 2020 kuma suka fito da shiri na musamman domin ƙwallon mata, wanda ya tanadi gasar ƙwararru da albashi ga 'yan wasa. A watan Yuli na 2022, a gaban 'yan kallo sama da 45,000 a Rabat, Maroko ta fitar da Nijeriya a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Afirka a bugun fenareti. A wannan wasa alƙaliyar wasa ta ba Halimatu jan kati, daga baya ta ba Rasheedat Ajibade, Nijeriya ta ƙarasa da mutum tara. Hukuncin ya hana ta buga wasan farko na gasar duniya ta 2023, amma ta dawo aka doke Ostireliya mai masaukin baƙi da ci 3 da 2, aka kuma riƙe Ingila babu ci har zuwa bugun fenareti. Rauni ya hana ta zuwa wasannin Olamfik na 2024, ta yi jinya ta warke, sannan ranar 26 ga Yuli, 2025, tana cikin tawagar da ta farke ci biyu ta doke Maroko 3 da 2 a Rabat, Nijeriya ta ɗauki kofinta na goma.

Maroko ƙasa ce da ke da irin damuwar da muke da ita game da mutuncin 'ya mace, amma ba ta ɗauki hakan dalilin naɗe hannu ba. Dokar wasan ma ta sauya: tun 2014 aka amince mata su yi wasa da kansu a rufe, kuma a gasar duniya ta 2023 wata 'yar Maroko, Nouhaila Benzina, ta zama ta farko da ta buga gasar manya sanye da hijabi. Ko Ingila, da ake ganin ita ce uwar tamaula, ta haramta wa mata filayenta a 1921, haramcin da ya yi kusan shekara 50. Kowace al'umma da nata lokacin farkawa.

Kammalawa

'Yan'uwa, ba muna kira ba ne ga kowace 'ya ta zama 'yar ƙwallo, ba kuma muna cewa fili ya fi aji ba. Abin da muke cewa shi ne, baiwa rabo ce, kuma ba ta zaɓar namiji ta bar mace. A yau ma akwai 'yan mata a makarantun Kawo da Malali da Tudun Wada waɗanda ke da irin abin da Halimatu ke da shi, kuma zaɓin da ke gabansu bai wuce biyu ba: ko su binne baiwar, ko su bar gida tun ba su mallaki hankalin kansu ba. Dukansu biyu asara ce gare mu.

Akwai abubuwan da ba su fi ƙarfinmu ba, mu da Allah Ya hore wa ɗan abin hannu a birane. Za mu iya ɗaukar nauyin gasa ta shekara-shekara tsakanin makarantun 'yan mata na unguwanninmu, a cikin filayen makarantun masu katanga, ƙarƙashin kulawar malamai mata, da tufafin da iyaye za su gamsu da su. Za mu iya biya wa wasu malamai mata kuɗin kwas na horarwa da na alƙalancin wasa. Za mu iya ɗaure kowace kyauta da sharaɗin ci gaba da karatu, domin ƙafa tana gajiya, ilimi kuwa ba ya tsufa. Sannan wakilanmu su riƙa tuna wa hukumomin wasanni cewa garin da ya karɓi gasar Afirka a 1998 ya cancanci ƙungiyar mata mai ƙarfi da za ta riƙe 'ya'yansa a gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mu ai ba hannu ɗaya ba ne.

A halin yanzu dai, mu fara da abin da ba ya buƙatar ko sisin kwabo. Duk ranar da aka zauna lissafin gwarazan Kaduna, aka ambaci Yekini da Amokachi da Babangida da Garba Lawal da su Babayaro, to a tuna a sa sunan Halimatu Ayinde a cikin jerin. Allah Ya albarkaci zuriyarmu maza da mata, Ya zaunar da garinmu lafiya.